Sharhi a kan kayan ƙawata but ɗin mota na bikin Halowin

Kayan da zan yi magana a kansu na saye su ne ta intanet a kan dala 25, domin taron da makarantar firamaren 'ya'yana ta shirya a nan birnin Columbus na jihar Ohio, gab da bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba. A irin wannan taro, wanda makarantu da coci-coci suka yaɗa a Amurka tun shekarun 1990, iyaye ne ke jera motocinsu a filin ajiye motoci, su buɗe but su ƙawata shi, yara kuma su bi mota-mota cikin shigar dodanni da jarumai suna karɓar alawa. Wanda ya san tashe zai gane yanayin, sai dai a nan an tattara yaran wuri guda ne saboda haɗarin mota da ke ƙaruwa ga masu tafiya a ƙasa a daren bikin.

A cikin kwalin akwai labulen takarda mai siffar bakin dodo da haƙoransa, jemagun roba masu maganaɗisu, saƙar gizo-gizo ta auduga, balan-balan baƙaƙe da masu ruwan lemo, da igiyar ƙananan fitilu. Ban yarda da zanen kwarangwal ko na fatalwa ba, domin akwai 'yan shekara huɗu da biyar a filin, kuma ni kaina ina da iyakar da ba na ƙetarewa a wannan biki, wanda tushensa ke komawa ga tsoffin al'adun mutanen Ayalan da jajibirin ranar tsarkaka ta Kiristoci.

Jemagun su ne suka biya kuɗin kayan. Sun manne a ƙofofi gam, ba su motsa ba duk da iskar kaka, kuma da na cire su ba su bar tabo a fenti ba. Sai dai mai saye ya fara gwada maganaɗisu a jikin motarsa, domin ba ya kama roba ko alminiyam. Maƙwabcina a layi ya zo da Ford F-150, wadda tun samfurin 2015 jikinta na alminiyam ne, na ba shi aron guda biyu suka zame ƙasa nan take. Fitilun ma na yaba musu ƙwarai, saboda da ƙananan batura suke aiki, ba su taɓa batirin mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin but da aka bari a buɗe na tsawon sa'o'i yana barin fitilar ciki a kunne, kuma wanda ya ƙara jona injin hura dodon iska a kan haka yana iya neman mai taimaka masa tayar da mota bayan an watse.

Labulen ne ya ba ni haushi. Takardarsa ba ta da kauri, ramukan ɗaurinsa suka yage tun kafin yara su iso, kuma salatif ɗin da aka haɗo da shi ya bar danƙo a gefen but, wanda sai da ruwan ɗumi da sabulu da haƙuri ya fita. Da na maye gurbinsa da shuɗin salatif na masu fenti, sai ya zauna. Saƙar gizo-gizon tana da kyau a ido idan duhu ya fara, amma tana sarƙewa a maratayin ƙofa, kuma ba na son a bar ta a waje domin tana kama ƙananan tsuntsaye.

Kamfanin bai rubuta gargaɗin cewa a cire komai kafin a hau titi ba, alhali duk abin da ya tare gilashi ko lambar mota yana iya jawo tara. Alawa ba ta cikin kwalin. Ni cakulan da fensir na raba, saboda yawancin alawar mai tauna tana ɗauke da jelatin da ake yawan samu daga alade, wasu yaran kuma gyaɗa na tayar musu da rashin lafiya.

Zan sake amfani da jemagun da fitilun baɗi, labulen kuwa da kwali mai kauri zan yanka nawa a gida.