Wane keke za ka saya a Zariya kafin doguwar tafiya?

A Amurka akwai tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafunansu aka mayar da su hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa, irin hanyar Katy ta jihar Mizuri mai tsawon kusan kilomita 390. Mu a ƙasar Zazzau hanyarmu ta haɗaka ita ce burtali da hanyar ƙauye, inda za ka haɗu da shanu, da 'yan acaɓa, da amalanke, da mata masu kai nono kasuwa. Don haka wanda ya ƙudura fita daga Samaru ya bi ta Shika zuwa Giwa, ko ya nufi Maƙarfi ko Soba, tambayar da zai fara yi a gaban mai sayar da keke ita ce: idan wannan ya lalace a ƙauye, mai gyara zai iya da shi?

Mu fara da baƙin keken iyayenmu, Phoenix na ƙasar Sin da takwarorinsa irin Hero na Indiya da tsohon Raleigh na Ingila. Tayarsa inci 28 ce, jikinsa ƙarfe ne zalla, kariyarsa tana ɗaukar buhu ba ta ce uffan ba. Duk inda ka ga mai faci a gindin bishiya, ya san cikinsa da bayansa. Sai dai yana da nauyi, yakan kai kilo 20, kuma giya ɗaya gare shi. Ka shiga yashi ko hawa, dole ka sauka ka tura. Birkinsa na sanda ne, idan gare ya jiƙe ba ya kamawa da wuri, wannan kuwa abin lura ne da damina.

Na biyu shi ne mai giya na gwanjo, mai ƙaton taya, wanda aka ƙera don hanyar duwatsu. Ni dai a nan zuciyata take, amma da sharaɗi. Ka nemi mai taya inci 26, domin tayarsa da tib ɗinsa sun fi na 27.5 da na 29 sauƙin samu a wajen gari. Ka nemi mai jikin ƙarfe. Hanyar ganewa ba wuya: ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ka ɗora a jikinsa, idan ya kama ƙarfe ne, idan bai kama ba alminiyom ne. Alminiyom ba shi da nauyi, gaskiya ne, amma ranar da ya tsage mai walda na bakin hanya ba zai iya ɗinke maka shi ba. Ka guji mai sifirin a tsakiya, wanda yara suka fi so. Yana shanye ƙarfin ƙafarka, kuma da wuya ka samu inda za ka ɗaura masa kariya.

Kafin ka biya, juya keken ka kifa shi a kan sirdi. Murza feda, ka canja giya ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Idan sarƙa tana tsalle, ko haƙoran giya sun yi tsini kamar ƙaya, sun cinye ke nan, sai ka sa kuɗin canja su cikin ciniki. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, in tana lilo boris ya tafi. Na taɓa sayen wani da fenti ya rufe tsagewa a ƙarƙashin sirdi, ban gani ba sai da na yi nisa da gida, na dawo da shi a bayan a-kori-kura. Tun daga ranar nake bin kowace mahaɗa da yatsa.

Siririn keken tsere kuwa, a bar shi ga kwalta. Zai kai ka Kaduna, wajen kilomita 80, da sauri, amma a burtali tsidau zai huda shi tun kafin rana ta take.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne bawul. Wasu kekunan gwanjo suna zuwa da siririn bawul wanda famfon mai faci ba ya shiga. Ka sa a canja maka zuwa mai kauri irin na mota da babur, ko ka sayi famfon da ya dace da naka ka riƙa tafiya da shi. Haka birki: na faifai yana kamawa sosai cikin ruwa, amma na roba mai waya shi ne kowa zai iya ɗaure maka.

Kada ka ƙarar da kuɗinka duka a kan keken. Ka rage na sababbin tayoyi masu kauri, da tib biyu, da faci da sholisho, da sifana, da fitila, da hular kwano. Kaya su hau kariya, ba bayanka ba, domin jakar goyo da zafin bazara tana gajiyar da mutum tun kafin azahar. Ruwa kuwa, gora biyu ba su yi yawa ba.

Sannan ka gwada shi da kayan a kai, daga Kwangila zuwa Shika ka dawo, mako guda kafin tafiya. A nan za ka san ko sirdin zai yi maka ciwo. Idan ƙafarka ba ta kusan miƙewa sa'ad da feda ta sauka ƙasa, ɗaga sirdin, in ba haka ba gwiwa za ta koka. Ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanyar da za ka bi, ka fita bayan sallar asuba, ka tsara zangonka yadda za ka sauka kafin magariba.