Shagon fitilun silin da ya fara tambaya ta ya zan buɗe fitilar ran da ta mutu

Duk wanda zai yi POP a gidansa a Kaduna yanzu, in ya shiga shagon kayan wuta tambayarsa ba ta wuce uku: wacce ce ta fi kyau, wacce ce ta fi haske, nawa ne kuɗinta. Da wuya ka ji wanda ya ce to ran da ta mutu fa, ya za a yi a sauke ta? Kuma wallahi wannan ce tambayar da ta fi shafar aljihun mutum, don fitila sau ɗaya ake saye amma gyaranta kana tare da shi muddin kana cikin gidan. Shiga falon mutane a Malali ko Unguwan Rimi ko sabbin gidajen nan na Millennium City ka ɗaga kai, za ka ga ramukan fitila jere reras amma rabi ne ke kawowa, wata tana ƙiftawa, wata an ciro ta an bar ta tana reto da waya, gefen ramin duk ya gutsure. Ba rashin kuɗi ba ne fa yawanci, mai gidan ya gaji ne da kiran mai gyara.

Shi ya sa nake son in yi magana kan wani shago da na yi hulɗa da su lokacin da muka sabunta silin gidan Hajiyarmu da nawa ɓangaren. Ba zan kama suna ba tunda zan faɗi mai daɗi da marar daɗi. Yana wani layi da ke bayan Ahmadu Bello Way, ba nisa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Shagon ba wani babba ba ne, fitilu rataye ta ko'ina har sai ka sunkuyar da kai in kana da tsawo, amma abin da ya bambanta su shi ne ba sayarwa kawai suke yi ba, suna zuwa gida su duba, su zauna da mai POP da mai wayarin kafin a rufe silin, su tsara inda kowace fitila za ta zauna da yadda hannu zai kai gare ta.

Na shiga da hoton wani falo a waya, irin mai fararen fanel ɗin nan sirara da ake mannawa su shafe da silin. Mai shagon dattijo ne, ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Malam, wa zai riƙa canza maka in ta mutu, kai ko yaro ko sai an kira mai wuta?" Na ce Alhaji ai a kwalin an rubuta awa 30,000. Bai yi musu ba, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta cike da matattun fitilun da mutane suka dawo da su, ya ɗauko wata ya cire ɗan akwatin robar da ke bayanta, direba kenan, ya ɓalle murfin da sukudireba ya nuna min wani ɗan gwangwani ƙarami kamar kan yatsa, samansa ya kumbura har ya ɗan tsage. Ya ce wannan kafasito shi ne ya mutu, ƙwayoyin LED ɗin lafiyarsu lau. Ya jona sabon direba nan take fitilar ta kawo tar. Fitilar da mai ita ya jefar kenan ya sayi sabuwa.

Maganarsa gaskiya ce kuma duk mai harkar lantarki ya san ta. LED ba ta shan wutar gida kai tsaye, wutarmu 230V ce, sai direba ya sauke ta ya daidaita kafin ta isa ƙwayoyin, kuma shi direban zafi ne babban maƙiyinsa. Irin wannan kafasito, ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsa biyu. To ka tuna yadda tsakanin kwano da silin yake a watan Maris da Afrilu a garin nan, ga wuta ta zo da ƙarfi ta koma ƙasa, ga canji daga wutar gari zuwa janareta zuwa inbata a yini guda, me zai hana shi mutuwa? Shi ya sa su ba sa ba ka shawarar fitilar da aka haɗa direba da jiki aka like da gam. Nasu direban daban yake, an rubuta 85-265V a jikinsa wato yana jure hawa da saukar wuta, kuma da ɗan filogi ake haɗa shi da fitilar, ka murza ka zare. Abin da ya fi burge ni shi ne sun sa mai wayarin ya bar wa kowace fitila rarar waya kamar kamu ɗaya da rabi, yadda in ka sauke fitilar direban zai biyo ta ya fito ta ramin, ba sai ka zura hannu har kafaɗa kana lalube a cikin ƙura ba. Ƙaramin abu ne amma masu wayarin da yawa ƙwauron waya suke yi, su yanke ta daidai wa daida.

A falo a ƙarshe ba fanel ɗin muka sa ba. Alhajin ya ba ni shawarar ƙananan fitilu masu ɗaukar ƙwan GU10, wanda yake da ƙafafu biyu, ka tura ka ɗan murza ya zauna, ka murza baya ya fito. Jikin fitilar yana nan daram a silin, ƙwan kawai ake canzawa. Ɗakunan kwana kuma holda ce ta E27, mai zare ɗin nan da kowane mai tireda a unguwa yake sayarwa. Ɗakin Hajiya ya ce a bar mata B22 mai fil biyu tunda shi ta saba da shi tun tuni kuma jikokinta sun iya sa shi, sai dai aka yi masa gida mai kyau da murfin da ake juyawa da hannu ba noti ko ɗaya. Na ji daɗin wannan sosai, don da wani ne sai ya ce ai ya tsufa a cire, shi kuwa ya duba wanda zai zauna a ɗakin ne.

Sai maganar sifirin, nan ne na ga sun san aikinsu. Fitilun da ake nutsarwa cikin silin, kunnuwa biyu na sifirin ne ke riƙe su, kuma POP ba katako ba ne, garin farar ƙasa ne da aka kwaɓa, duk lokacin da aka fizgo fitilar sifirin sai ya ɗebo gefen ramin, ran nan kaɗan gobe kaɗan har ramin ya fi fitilar faɗi ta daina zama. Su suna da wani zobe na ƙarfe da ake dasawa a ramin tun POP yana ɗanye, sifirin ya riƙa kama ƙarfen maimakon farar ƙasar. Yaron shagon ya hau tsani a gabana ya sauke fitila ɗaya ya mayar, ya sake saukewa ya mayar, na shafa tayil ɗin ƙasa da tafin hannu ko ɗigon gari babu. Ya kuma nuna wa ƙanena yadda zai dafe kunnuwan da yatsu biyu kada su maƙe masa hannu, don sifirin nan in ya kama yatsa ba wasa.

Igiyar hasken da ake ɓoyewa a lungun POP kuwa, ita ce aka fi cutar mutane da ita a ganina. Mai 12V ko 24V tana buƙatar akwatin wutarta, kuma abin da aka saba shi ne a jefa akwatin can cikin silin a shafe da POP a yi fenti, ran da ya ƙone sai an fasa. Su sun fito da akwatunan duka zuwa wani ɗan kabad a bangon koridó kusa da akwatin birekoki, mai ramukan shan iska, kowanne an liƙa masa takarda an rubuta falo, dainin, ɗakin baƙi. Sannan suka dage sai an bar ƙofar shiga silin a koridó. Mai POP ɗin ya so ya ƙi, ya ce za ta ɓata masa zane, Alhajin ya ce masa "Ɗan'uwa, kai yau za ka gama ka tafi, mai gidan ne zai zauna da shi." Aka yi ƙofar, an yi mata fenti kalar silin, sai an nuna maka za ka gan ta. Haɗin wayoyi ma ba murɗawa suka yi suka naɗe da baƙin tef ba, ƴan maƙalan Wago suka sa masu ɗan hannu da ake ɗagawa a zura waya a danne.

Ƙura da ƙwari ma sun shiga lissafi. Mu da muke da hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk fitilar da ke da buɗaɗɗen sama kamar kwano tana tara ƙura har haske ya dushe, in damina ta faɗi kuma shinge da sauran ƙwari su cika gilas ɗin ka riƙa hango baƙin tarinsu daga ƙasa. A baranda da banɗaki da kicin sun sa masu lambar IP65, lamba 6 ɗin tana nufin ƙura ba ta shiga sam, 5 ɗin kuma tana jure feshin ruwa, da robar da ke zagaye bakin murfin. Uwargida ta so candaliya mai ƴan duwatsun gilas a saman bene, Alhajin ya ce mata "Hajiya zan sayar miki in kin dage, amma wurin nan tsani ba ya tsayawa a kan matakala, sai an haɗa sikafol, irin ƙarafan da magina ke hawa, duk ran da za a goge ta." Aka mayar da candaliyar dainin inda mutum zai hau kujera ya kai, benen kuma aka sa masa fitilun bango a daidai tsawon hannu.

Wannan tunanin ba a Kaduna ya tsaya ba. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 2019/2020 da ta fara aiki ranar 1 ga Satumba 2021, ta ce masu ƙera fitilu su yi su yadda za a iya cire ƙwan da direban a canza da kayan aiki na yau da kullum ba tare da an lalata fitilar ba, sai in akwai dalilin fasaha da ya hana. Mu kuwa kasuwarmu cike take da waɗanda aka like ruf, in ta mutu sai bola, kuma muna saye saboda araha. Abin yana damuna gaskiya, don kuɗin talaka ne ke tafiya a hakan, ga masu gyara a Panteka da za su iya farfaɗo da fitilar cikin minti kaɗan da a ce tana buɗuwa.

To sai abin da bai min daɗi ba. Kayansu sun fi na cikin kasuwa tsada sosai, kuma zoben ƙarfen nan da maƙalan waya duk kuɗinsu daban, ba su faɗa min tun farko ba sai a lissafin ƙarshe na gani, wannan bai kamata ba. Alƙawarin lokaci ma ba su da shi, a ce maka bayan azahar sai ka gan su dab da magariba, mai POP yana zaune yana jira kana biyansa. Sannan sun kawo ƙwayayen falo a gauraye, wasu 3000K masu ɗan ja-ja wasu 6500K farare fat, da aka kunna falon ya rabu biyu, sun canza ba gardama amma ni na koma da su shagon da kaina, ga wahalar wurin ajiye mota a layin. Garantin da suka ce na shekara ɗaya da baki ne, sai da na matsa aka rubuta a bayan rasit. In za ka je ka sa a rubuta maka, da lambar direban da wat ɗinsa, don in za ka sayi wani dole ya dace da na farko, yawancin ƙananan fanel wutar da direbansu ke fitarwa 300mA ce amma ba duka ba.

Kuma in faɗi gaskiya, ta fuskar ado fanel ɗin da aka like ya fi shafewa da silin, GU10 kana ganin bakin zobensa, wanda yake son silin sumul kamar na otal zai ga bambanci. Ƙwan GU10 ɗin ma ba kowane shagon unguwa ke da shi ba, a Kawo ko Rigasa za ka iya zagayawa ba ka samu ba, shi ya sa na sayi rara na ajiye a kabad ɗin nan na koridó.

Wani abu da yaron ya ja mana kunne a kai kuma nake so kowa ya riƙe: kashe makunnin bango bai isa ba kafin ka taɓa fitila, don akwai gidajen da mai wayarin ya bi da makunnin ta wayar nutural, fitila a kashe amma holda da wuta. A kashe bireka, a kashe inbata ma in akwai, a gwada da testa sannan a sa hannu.

Tun da aka gama aikin direba ɗaya ya mutu a kicin bayan wani dare da wuta ta yi ta rawa, ƙanena ya hau tsani ya zare ya sa sabo kafin a gama dafa shayi, ba a kira kowa ba. Masu gidajen haya da kwamitocin masallatai da makarantun islamiyya su na fi ba shawarar su nemi irin wannan tsarin, ko a wannan shagon ko a wani, kuma su je tun kafin mai POP ya fara aiki, don in an riga an rufe silin abin da za su iya yi maka kaɗan ne.