Gargaɗi Kan Mai Sayar da Na'urar Daidaita Sautin Talabijin ta Bogi a Jidda da Makka

'Yan'uwa masu ɗaukar wa'azi da tafsiri, da wakilan ƙananan tashoshin talabijin na gida da ke zuwa Saudiyya lokacin Umara da aikin Hajji, ina jan hankalinku game da wani mutum da ke tallata wata na'ura a zaurukan WhatsApp na Hausawa mazauna Jidda da Makka. Yana cewa AGC ce, wato na'urar daidaita ƙarfin sauti, irin ta manyan tashoshi, wadda da zarar an jona ta za ta gyara sauti da kanta ba tare da an saita komai ba. Yakan karɓi rabin kuɗi ta asusun wani mutum dabam, ya kai kayan masauki da daddare ana gab da tafiya filin jirgi, kuma ba ya bayar da fatura.

A gaban akwatin ya manna tambarin wani sanannen kamfani, amma waɗanda suka kwance shi ba su tarar da komai ba sai ɗan allon matse sauti mai arha, irin wanda ake haɗawa da lasifikar biki. Bayan akwatin ma ya isa shaida. Kayan tasha na gaskiya, irin na Orban ko Omnia ko Jünger Audio, suna zuwa da lambar shaida da za a iya tantancewa a wurin kamfanin, da kafofin jona waya irin na ƙwararru, wato XLR ko AES/EBU, na talabijin kuma sau da yawa da kafar SDI wadda sauti ke tafiya a cikinta tare da hoto. Nasa kafofin RCA ne kawai, na kayan gida masu aiki a kan matakin ƙarfin sigina na -10 dBV, alhali mikisar tasha tana fitar da +4 dBu, tazarar kusan desibel 12, don haka tun daga bakin ƙofa sautin zai iya fashewa.

Babbar ƙaryarsa ita ce cewa ba a saita AGC. Aikinta shi ne ta ɗaga sauti a hankali idan ya yi ƙasa, ta sauke shi idan ya yi sama, kamar hannun ƙwararren ma'aikaci a kan mikisa, kuma kafin ta iya hakan dole a gaya mata matakin da ake nufi, da saurin da za ta kama, da saurin da za ta saki, da iyakar desibel ɗin da aka yarda ta ƙara, da kuma matakin da idan sauti ya faɗi ƙasa da shi za ta tsaya cak ta daina ɗagawa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damuna, domin akwatinsa ba shi da shi ko kaɗan. Ku dubi halin karatun Alƙur'ani: alaramma yana jan madda, ya yi waƙafi, ya numfasa, sannan ya ci gaba. A duk waƙafi, na'urar da ba ta san shiru ba za ta ɗauka sauti ne ya raunana, sai ta ɗago ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da tarin jama'a da motsin takarda, idan kuma alaramma ya dawo sai ta danne harafin farko na ayar. Haka mai kallo zai yi ta jin sauti yana hawa yana sauka har a tashi majalisi, kuma idan an riga an naɗi shirin ta cikinta, gyaran yana da matuƙar wahala. Wanda ya sha ɗawainiya ya ɗauki tafsirin watan Ramadan bai cancanci irin wannan asara ba.

Yana kuma nuna wata takarda da aka rubuta -23 a kanta, wai akwatin yana kai kowane shiri ga ma'aunin duniya. Gaskiya ne akwai wannan ma'auni: ƙungiyar tashoshin Turai ta fitar da ƙa'idar R128 a 2010, inda ta tsayar da -23 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti yadda kunne ke jin ta), ƙololuwar sauti kuma kada ta wuce -1 dBTP, Amurka kuwa tana bin -24, kuma dukkansu sun ginu ne a kan hanyar awo ta ITU-R BS.1770. Sai dai ana auna wannan adadi ne a kan shirin baki ɗayansa da ma'auni na musamman, fitilun da ke walƙiya a gaban akwatinsa kuwa ba su san LUFS ba. A wajen gwaji dabararsa tsohuwa ce: yakan rage ƙarar sautin asali, sannan ya kunna akwatin da ƙarfi, domin kunnen ɗan'adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan kaya, kada ya biya ko riyal ɗaya sai ya gwada da makirufonsa da mikisarsa. Ya yi magana, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci ya saurara da abin sawa a kunne ko hayaniyar ɗakin tana tasowa, ya naɗi abin da ya fito ya auna a kwamfuta da manhajar Youlean Loudness Meter, wadda ake samu kyauta. Ya nemi lambar rajistar kasuwanci da fatura mai lambar QR, wadda ta zama dole a kan masu rajistar haraji a Saudiyya tun Disambar 2021. Mutumin yana zaɓen baƙi masu gaggawar komawa gida da waɗanda yake ganin za su ji tsoron zuwa hukuma, shi ya sa nake roƙon mazauna da takardunsu ke daidai su tsaya wa waɗanda aka cuta, su adana hoton tura kuɗin da saƙonninsa, su kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari.