Angels & Demons na Dan Brown: Inda Labarin Ya Yi Ƙarfi da Inda Tarihinsa Ya Karye

Duk wanda ya taɓa zama cikin matasa ana musu a kan 'yan Illuminati, ana ciro takardar dala ɗaya ta Amurka ana nuna idon nan da ke saman dala irin ta Masar, zai tarar da maganar gaba ɗayanta a cikin wannan littafi. Dan Brown, marubuci ɗan Amurka, ya fitar da Angels & Demons a 2000, shekara uku kafin The Da Vinci Code da ya yi masa suna a duniya. Da yawa sai da suka karanta na biyun sannan suka dawo neman na farkon, kuma har yau masu karatu ba su gama jayayya a kansa ba.

Ga ƙashin bayan labarin ba tare da an tona ƙarshensa ba. An kashe wani masanin kimiyya, Leonardo Vetra, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, aka yi masa lalas a ƙirji da kalmar Illuminati. Aka ɗauko Robert Langdon, farfesan alamomi na jami'ar Harvard, ya zo ya duba. Sai aka gano an sace wani gwangwani mai ɗauke da rubu'in giram na antimata, wato kishiyar ƙwayar zarra wadda ke fashewa da zarar ta taɓa kowane irin abu. Batirin da ke riƙe da ita awa 24 kawai yake yi, kuma an ɓoye gwangwanin a cikin Batikan a ranar da kadinal-kadinal, wato manyan limaman cocin Katolika, suka taru don zaɓen sabon Fafaroma. Huɗu daga cikin waɗanda ake sa ran za a zaɓa sun ɓace. Wanda ya sace su ya ce zai kashe ɗaya a kowace awa tun daga ƙarfe 8 na dare, tsakar dare kuma gwangwanin ya tashi. Langdon da Vittoria, 'yar marigayin, su ne ke gudu cikin birnin Rum suna bin alamun da aka ce an ɓoye a jikin gumakan da Bernini, shahararren masassaƙin Italiya, ya sassaƙa.

Abin da kusan kowa ya yarda da shi, har masu kushe littafin, shi ne yana riƙe mutum. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Babi ya haura ɗari, wasu ba su wuce shafi biyu ko uku ba, kuma kusan kowanne yana yankewa daidai inda hankali ya tashi, sai a koma wani wuri da wasu mutane. Ga agogo yana tafiya a kowane shafi. Ga kuma tsari mai sauƙin riƙewa a ka: ƙasa, iska, wuta, ruwa, kowanne da kadinal ɗinsa da wurinsa. Ƙasa tana ɗakin ibadar Chigi a cocin Santa Maria del Popolo, iska a dandalin Saint Peter, wuta a cocin Santa Maria della Vittoria, ruwa a maɓuɓɓugar Koguna Huɗu da ke dandalin Navona. Duk wuraren nan akwai su. Akwai kuma hanyar nan ta cikin ganuwa, mai tsawon kusan mita 800, daga Batikan zuwa gidan yaƙin Castel Sant'Angelo, wadda Fafaroma Clement na 7 ya bi ya tsira da ransa lokacin da aka wawashe Rum a 1527. Tamburan lalas ɗin ma abin kallo ne: rubutu ne da ake karanta shi daidai ko an kifa littafin, aikin wani mai zane, John Langdon, wanda aka ara wa jarumin sunansa. Mai karatu yakan juya littafin a hannunsa don ya tabbatar, kuma wannan ɗan motsin hannu yana sa ya ji kamar da shi ake binciken.

Daga nan ne ra'ayi ke rabuwa. Masu neman mutane masu zurfin hali ba sa samu. Langdon ya san komai, yana kuma tsayawa ya yi lacca ko ana harbi. An fi ba da ƙarfi wajen bayyana surar Vittoria fiye da tunaninta, alhali masaniyar kimiyya ce. Sannan akwai wurin da Langdon ya diro daga jirgi mai saukar ungulu da ƙyallen tamfol a hannu, ya faɗa kogin Tiber ya rayu. Ko masu son littafin sukan ce a nan an kai su bango.

Amma ƙorafi mafi nauyi, wanda kuma ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne na tarihi. Tun a shafin farko marubucin ya ce wuraren Rum da ayyukan fasahar da ya ambata gaskiya ne, ƙungiyar Illuminati ma gaskiya ce. Ƙungiyar ta wanzu, ba shakka. Adam Weishaupt, malamin shari'ar coci a jami'ar Ingolstadt da ke Bavaria a ƙasar Jamus ta yau, shi ya kafa ta ranar 1 ga Mayu 1776. Mai mulkin Bavaria, Karl Theodor, ya haramta ta da dokokin 1784 da 1785, ta watse. Ba ta cika shekara goma tana aiki ba. To amma littafin ya sa Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, da Bernini a cikinta, alhali Galileo ya mutu a 1642, Bernini a 1680. Tsakanin mutuwar Bernini da kafa ƙungiyar akwai shekara 96. A kan wannan ginshiƙi aka ɗora dukkan farautar alamun, kuma babu shi. Jita-jitar cewa ƙungiyar ta rayu a ɓoye ta samo asali ne daga rubuce-rubucen Augustin Barruel da John Robison a 1797, waɗanda suka ɗora mata alhakin juyin juya halin Faransa na 1789.

Haka maganar dalar Amurka. An amince da hatimin mai ido da dala irin ta Masar a 1782, aka sa shi a takardar dala ɗaya a 1935. Rubutun Latin da ke ƙasansa littafin ya fassara shi da sabon tsari na ba ruwan addini, amma ma'anarsa sabon tsari na zamanai, kuma daga waƙar Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, aka ɗauko shi. Copernicus ma, masanin taurari da littafin ya ce kashe shi aka yi, ciwo ne ya kai shi a 1543. Galileo dai an gurfanar da shi a 1633 an yi masa ɗaurin talala a gida, wannan gaskiya ne. Waɗanda suka san Rum suna ƙara nasu: an binne mai zane Raphael a tsohon ginin Pantheon tun da ya mutu a 1520, ba daga baya aka mayar da shi can kamar yadda littafin ya ce ba; cocin Santa Maria della Vittoria ba a dandalin Barberini yake kamar yadda littafin ya nuna ba; farantin iskar yamma da ke dandalin Saint Peter, wanda littafin ya mai da alamar iska, ɗaya ne cikin jerin irinsa da suka kewaye ginshiƙin tsakiya, kowanne yana fuskantar kusurwarsa, kuma a ƙarni na 19 aka shimfiɗa su.

Mabiya ɗariƙar Katolika suna nuna kurakuran tsarin zaɓe. Kamalengo, mai riƙon ƙwaryar harkokin fadar idan Fafaroma ya rasu, kadinal ne a zahiri, littafin ya mai da shi matashin limamin coci wanda ba kadinal ba. Naɗa Fafaroma ta hanyar haɗa murya a ambaci sunansa, wanda labarin ya jingina da shi, Fafaroma John Paul na 2 ya soke shi tun 1996. Musulmi mai karatu kuwa zai yi tuntuɓe da makashin, wanda aka zana a matsayin jikan Hashshashin, wata tsohuwar ƙungiyar makasa ta Gabas ta Tsakiya, mai jefa kalmomin Larabci, mai tsananin mugunta ga mata. Hoton Balarabe ne irin wanda aka gaji da gani, kuma labarin ba ya bukatarsa. Shaida ita ce fim ɗin 2009 na Ron Howard ya mai da makashin Bature, babu abin da ya ragu. A wani wuri ma an yi maganar kalmar shaiɗan kamar Musulunci harshe ne.

Ɓangaren kimiyya ya fi sauƙin warwarewa, domin CERN da kanta ta amsa tambayoyin masu karatu. Antimata gaskiya ce: an fara haɗa ƙwayoyin kishiyar haidurojin a can a 1995, guda tara, a 2010 aka iya tsare 38, a 2011 aka riƙe wasu na daƙiƙa 1,000. Sai dai ko da cibiyar ta bar komai ta koma wannan aiki, abin da za ta samar a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba. Rubu'in giram aikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru ne. Lissafin ƙarfin fashewar ma ya gaza: littafin ya ce kilotan 5 (kilotan ɗaya shi ne ƙarfin tan dubu na nakiyar TNT), amma rubu'in giram na antimata yana cinye wani rubu'in giram na abu, jimilla rabin giram, wanda ke ba da fiye da kilotan 10. Babbar na'urar CERN ta karo da ƙwayoyin zarra, mai kewayen kilomita 27, da littafin ya nuna tana aiki, sai 2008 aka kunna ta.

Ga wanda zai saya, Turancinsa mai sauƙi ne, ɗan sakandare mai son karatu zai bi shi, sai dai akwai kisa mai muni da aka bayyana dalla-dalla, musamman na wuta, don haka ba na yara ba ne. A nemi bugun da ke da taswirar Rum da ta Batikan a farko, a kuma duba cewa tamburan sun fito sarai, domin a kwafin da aka buga da arha sukan dusashe, daɗin juya littafin ya tafi. Wanda ya ga fim ɗin kada ya ɗauka ya san labarin: an canza sunan kamalengo da asalinsa, an cire shugaban CERN mai keken guragu wanda ke da babban matsayi a littafin, makomar kadinal na huɗu ma daban ce. Kuma duk sunan mutum ko shekarar da aka ambata a bakin Langdon, a rubuta a gefe a bincika kafin a kai shi majalisa a matsayin hujja, a fara da shekarun nan uku: 1642, 1680 da 1776.