Tsohuwar waƙa a sabon fim: ka sayi asalin murya ko a sake rera maka?

Masu shirya fim mai dogon zango a Katsina da Daura, musamman masu ɗora aikinsu a YouTube, sun san cewa waƙar da mai kallo ya riga ya sani ta fi saurin kama shi. Amshi ɗaya ya isa ya tuna wa mutum motar haya ta hanyar Funtuwa tun jarumi bai buɗe baki ba. Sai dai yawancinmu ba ma tuna zancen waƙa sai an gama tace fim, lokacin aljihu ya bushe, sai edita ya tsinto ta a intanet ya liƙa. Kafin ka kai nan, ga hanyoyin da ke gabanka da abin da kowace za ta ci maka.

Kowace waƙar da ka ji a kaset tana da iyayen gida biyu. Akwai mai baitoci da karin waƙar, wato wanda ya ƙirƙire ta, akwai kuma mai naɗin, wato kamfanin faifai ko gidan rediyo ko situdiyon da ya ɗauki muryar. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare baitoci da kari har shekara 70 bayan rasuwar mai su, naɗin kuma shekara 50 daga fitar da shi. Ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura: waƙoƙinsa suna hannun magadansa har ƙarshen 2069. Wanda ya ce maka "ai waƙar Shata ta kowa ce" ba shi zai amsa ƙara a madadinka ba.

Hanya ta farko ita ce ka sa asalin naɗin. Ita ce mafi tsada kuma mafi wahala, don izini biyu za ka nema, sau da yawa ma gano mai naɗin shi ne aikin. Ga kuma sautin tsohon kaset, da shuu ɗinsa da ƙarar jama'a, wanda ba ya zama lafiya kusa da muryar 'yan wasan da aka ɗauka da makirfo na zamani. Waƙoƙin makaɗanmu kuma dogaye ne, cike da sunayen mutanen da ake wasawa, ka yanka nan ka ci karo da kirarin wani attajiri can. Amma idan labarinka na shekarun 1970 ne, direba na zaune a tasha rediyo na yi a gefensa, to asalin muryar ce kaɗai za ta yi. A nan kuɗin sun cancanta.

Ta biyu, wadda na fi ba da shawara, ita ce a sake rera waƙar. Izini ɗaya kake bukata, na mai baitoci ko magadansa, sabon naɗin kuma naka ne muddin kun rubuta haka da situdiyo. Manyan masana'antun fim sun daɗe a kan wannan. Dolly Parton ce ta rubuta "I Will Always Love You" ta fitar a 1974, Whitney Houston ta sake rera ta don fim ɗin The Bodyguard a 1992 ta zagaye duniya, kuma kason marubuci bai daina zuwa wurin Dolly ba. Abin lura ke nan: sake rerawa tana rage maka ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa, ba ta ɗauke maka neman izini.

Ita ma sake rerawar iri-iri ce, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. Wasu sukan nemo mai kwaikwayon murya, a haɗa masa kalangu da 'yan amshi, ya yi ta ƙoƙarin zama kamar mawaƙin asali. Wannan ita ce mafi munin ciniki. Ka ciyar da mutum shida ko bakwai, ka biya situdiyo mai faɗin da zai ɗauke su, ƙarshenta Bakatsinen da ya tashi da asalin waƙar a kunnensa ya ji baiti ɗaya ya taɓe baki. Wasu kuma sukan miƙa wa yaro mai fiyano, ya ɗora ta a kan kiɗan kwamfuta, a goge muryar har ta zama irin ta kowa. Arha ce, kwana ɗaya an gama, kuma ta wadatar idan fitowar ta gidan biki ce inda waƙar ke can baya ana hayaniya.

Wadda ta fi biyan kuɗinta ita ce wadda ta kauce wa asali da gangan. A rage saurin, a cire amshi, a bar gurmi ɗaya ko kukuma, a ba mace ta rera abin da aka saba ji a bakin namiji. Ka ƙaddara jarumarka tana fita daga gidan miji da asuba, akwati a ka, titi babu kowa sai mai shayi yana hura wuta. Waƙar da aka sani ta rawa ce, idan ta zo a hankali a wannan wuri, mai kallo zai gane ta a baiti na biyu, kuma zai saurari kalmomin da ya shekara ashirin yana rerawa bai taɓa lura da su ba. Mutum biyu kawai ka biya. Sharaɗi dai, idan za ka taɓa baitoci, ka cire suna ko ka ƙara naka, faɗa wa masu waƙar tun farko a sa a takarda, don izinin rerawa daban, izinin sauyawa daban.

Sai masu cewa a yi musu "mai kama da ita", a ɗauki karin a canza kalmomi, kamar yadda aka daɗe ana yi wa waƙoƙin Indiya a Kannywood. A zamanin kaset an sha da wannan. Yanzu na'urar YouTube mai suna Content ID tana iya gane kari ko da murya ta canza, kuɗin tallan fim ɗinka su koma wa wanda ya yi rajistar waƙar, ko a toshe shi baki ɗaya. Gara ka biya mawaƙi ya yi maka sabuwa fil. Waƙoƙin gaɗa da na daɓe ma da ba a san mai su ba, doka ta sa izinin yin kasuwanci da su a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Wajen ciniki, farashi yana bin abu uku: tsawon abin da za ka sa, inda za a nuna shi, da shekarun da izinin zai ɗauka. Daƙiƙa talatin a fitowa ɗaya ba daidai take da waƙar buɗe shiri da za a ji kowane mako ba, izinin YouTube kuma bai haɗa da ranar da Arewa24 ko wata tasha za ta nemi shirin ba, don haka ka sa talabijin a ciki tun yanzu. Idan mai waƙar ya rasu, kada ka tsaya a kan "na yafe maka" na ɗa guda. Gidajen makaɗanmu manya ne, ka nemi wakilin da magada suka amince da shi, ka je da dattijo, a rubuta a sa hannu gaban shaidu. Ƙungiyar MCSN, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin waƙoƙinsu, ita ma wurin tambaya ce idan mawaƙin mambanta ne. Daga situdiyo kuma ka karɓi murya daban, kiɗa daban, don edita ya iya sauke muryar a inda 'yan wasa ke magana.