WolframAlpha da lambar da ta ƙaryata Fermat

Na gwada shafin lissafi na WolframAlpha, wanda aka buɗe a 2009, da lamba 4,294,967,297, wato abin da ake samu idan aka jera 2 sau 32 aka ninka su, sannan aka ƙara 1. Da gangan na zaɓe ta, domin Fermat, masanin lissafin Faransa, ya yi zaton babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, har sai da Euler, masanin lissafin Switzerland, ya nuna a 1732 cewa 641 na raba ta ba saura.

Kafin in ɗaga yatsa daga wayata amsa ta fito: 641 sau 6,700,417. Shafin ya nuna cewa lambar mara ce, wato idan aka raba ta da 2 sai an bar saura, ya kuma rubuta ta da harshen kwamfuta, wanda ke amfani da sifiri da 1 kawai, inda ta zama 1, sifiri 31 a jere, sai wani 1, abin da ya burge ni ƙwarai saboda ya fito da asalin gininta ƙarara.

Galibi da Turanci ake yi wa shafin tambaya, kuma cikakken bayani mataki-mataki sai an biya kuɗi. Duk da haka ina ba malaman lissafi na sakandare shawarar su riƙa amfani da shi wajen tabbatar da amsa kafin su shiga aji.