Wasan horar da ido da na saukar wa ɗana

Malamar ajinsu ce ta fara gaya mini yaron yana tsallake layi in yana karatu, ido na kan littafi, hankali na waje. Shi ya sa na saukar masa wani wasan waya da aka ce yana koya wa ido tsayawa kan abu ɗaya. Makon farko kam ya burge ni. Ƙwallaye takwas ne iri ɗaya, uku su yi haske, su koma kamar sauran, su yi ta yawo, in sun tsaya ka nuna ukun. In ya ci sai gudun ya ƙaru kaɗan, in ya faɗi ya ragu, don haka bai taɓa ajiye wayar da haushi ba. Akwai kuma allon Schulte, gida 25 da lambobi a hargitse, ka bi su daga 1 har ƙarshe.

Wata Asabar bayan la'asar ya kai matakin ƙwallo huɗu, wanda ya kwana biyar yana nema. Ina gefensa, ya ciji leɓe, ko ƙiftawa ba ya yi. Ƙwallayen na cikin yawo sai ga tallar caca ta rufe fuskar wayar gaba ɗaya, da kiɗa da kuɗi na zubowa. Alamar rufe tallar ba ta fi ƙwayar gero ba, yatsansa ya kuskure, ya faɗa wani shafi. Kafin mu dawo wasan ya rubuta wai ya faɗi. Ya ɗago ya ce, "Baba, wallahi ina riƙe da su duka huɗun." Sai hawaye. Abin ya ƙona mini rai. Wanda ya tsara wannan wasa ya fi kowa sanin abin da ke yanke hankalin yaro, sana'arsa ke nan, amma ya bar talla ta faɗo a tsakiyar zagaye, tallar ma ta caca, a gaban ɗan shekara tara.

Na biya aka cire tallar, na ɗan huce, har na fara yaba shi wa abokai. To amma wasan ba ya cewa ya isa haka. Wani wasan waya mai suna EndeavorRx, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2020 don yara 'yan shekara 8 zuwa 12 masu matsalar tattara hankali, likita ke rubuta shi, minti 25 ne a rana, kwana biyar a mako. Wannan kuwa ƙarfe tara na dare yana turo saƙo yaro ya dawo kada makinsa ya zube.

Yanzu ni nake riƙe agogo, minti goma sha biyar in karɓe wayata. Ya yi sauri a allon lambobin ƙwarai, amma jiya da na zaunar da shi karatu sau biyu ya tsallake layi. Da tauraro huɗu na yi niyyar ba masu wasan, da na tuna Asabar ɗin nan biyu na danna.